Yadda Fulawa Ta Kusa Mai da Ni Boka

Laifin farko na ido ne. Wani aiki da bai fi na awa biyu ba ya kai ni Kano a watan Nuwamba, ina tafe a ƙasa a wajen Nasarawa, inda masu sayar da furanni ke jera tukwane a bakin titi, sai na yi arba da ita. 'Yar gajeriya ce, ko gwiwata ba ta kai ba, a dunƙule kamar an kife ƙwarya, furanni ruwan ɗorawa sun lulluɓe ta har ba a ganin ganye. Na ja na tsaya. Wanda ya san kasuwa kuwa ya san tsayuwa rabin ciniki ce.

Mai furen ya ce daga Jos ake kawo masa ita. Ya faɗi sunanta sau uku, ni ma na biya sau uku kamar sabon ɗan makarantar allo: kirisantimam. Ya ce ba ta da wata wahala, ruwa ne da rana da ɗan taki, shi ke nan. Haka dillalan Maigatari ke cewa a kan raƙumi, wai ba ya cizo. Na zaro kuɗi na biya, kuɗin da har yau uwargida ba ta san adadinsu ba, kuma ina roƙon mai karatu kada ya tayar da maganar.

A tashar Yankaba kamasho ya ce in sa ta a but, tsakanin buhun albasa da tayar safaya. Na ce sam. Haka na rungume ta a cinya kamar jinjiri, mu huɗu a kujerar baya, tafiyar sama da kilomita 100 zuwa Gumel. Ba mu bar Gezawa ba wani dattijo da ke gefena ya leƙo ya ce, “Malam, ana miya da ita?” Na ce a'a. “To maganin me take yi?” Na ce ba ta maganin komai, ta kallo ce. Motar ta yi tsit. Sai da muka iso Gujungu dattijon zai sauka, ya dafa kafaɗata ya ce, “Allah ya ƙara sauƙi,” da irin muryar da ake yi wa mai jinya.

A gida ma tambayar ke nan. Ban kuma ga laifin kowa ba, don a ƙasar Lautai shuka sai da aikin yi. Zogale na kwaɗo ne, lalle na amare, kuka ta miya, darbejiya ta inuwa da zazzaɓi, zoɓo kuwa kuɗi ne tsaba, tun da buhu-buhu ake lodinsa ana fita da shi ƙasashen waje. Hatta tumfafiya da kowa ya raina tana da ranarta. A irin wannan gari ka shigo da abin da sai dai a ba shi ruwa a zauna ana kallonsa, dole ka zo da hujja.

Daren nan na kwana ina haƙar hujja a waya. Da safe na tara iyali. Na ce wannan fure da kuke gani, asalinsa daga Sin yake, can har shayinsa suke sha. Na ce sunansa daga Girkanci ne, ma'anarsa furen zinariya. Na ce shi ne tambarin gidan sarautar Japan, mai fiffike 16, har a bangon fasfonsu shi ne. Inna ta saurara har na dire, sannan ta ce, “Shi Sarkin Japan ɗin ne zai riƙa biyan ɗan garuwa?” Don in nuna zurfin bincike sai na ƙara da cewa a Faransa shi ake kaiwa maƙabarta ranar 1 ga Nuwamba. Ban rufe baki ba na san na yi ɓaranɓarama. Uwargida ta ce, “Furen kabari ka kawo mana tsakar gida?”

Sai na jawo makamin ƙarshe. Akwai wata 'yar'uwar furen nan, fara, da ake nomawa a tsaunukan Kenya, wajen Nakuru, wadda daga busassun furanninta ake fitar da sinadarin kashe ƙwari. Da garinta aka fara yin maganin sauron nan mai naɗi da muke kunnawa, a Japan, sama da shekara 100 da suka wuce, maganin da ke jikin gidan sauro na asibiti ma kwaikwayon nata sinadarin aka yi. Duk wannan gaskiya ne. Abin da na yi kawai shi ne na haɗiye kalmar “'yar'uwa”. Na ce, “Inna, da ita ake yin maganin sauro.” Inna ta gyara zama ta ce, “To, yanzu na ji magana.” Na shiga ɗaki ina yaba wa kaina da iya siyasa.

Uwargida ba ta wahalar da harshenta da sunan ba. Tun ran nan ta raɗa mata Amarya. “Malam, an kai wa Amarya ruwa?” “Yara, ku yi a hankali, kada ku tayar da Amarya.”

Amarya kuwa ta nuna halin amare. Furannin Kano suka bushe kafin ƙarshen Disamba, na datse su kamar yadda aka ce. Na sauya mata tukunyar ƙasa mai huji a gindi, na gauraya rairayinmu da ruɓaɓɓen taki, domin ƙasarmu ta jigawa ce, ka zuba mata ruwa ka juya baya ta shanye ta kuma rantse ba ta gani ba. Na koyi ba ta ruwa a gindi da sassafe, ba a ka ba, don jiƙa ganye na jawo ruɓa. Bazara ta zo, watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ita kuwa 'yar sanyi ce. Ta langaɓe kamar tsumma. Na kai ta ƙarƙashin darbejiya inda ranar safe kawai ke samunta, na naɗe tukunyar da jiƙaƙƙen buhu, ina yi mata ruwa safe da yamma a lokacin da 'yan garuwa ke ɗaga hanci. Gara ta biyo ta hujin tukunya, na ɗora ta a kan bulo na zagaye da toka. Darɓa ta mamaye ƙoƙon ganyen, na jiƙa ganyen darbejiya da ɗan sabulu na yi ta fesawa. Ni da ban taɓa sanin ranar rigakafin yarana ba, ga ni ina duba bayan ganye ɗaya bayan ɗaya.

Da damina ta sauka ta farfaɗo, ta fid da sababbin rassa dogaye, sirara. A nan ne sirrin dunƙulewar yake. Ba haka kawai take zama kamar ƙwarya ba: idan reshe ya kai kamar taƙi guda, sai ka sa farce ka tsinke kansa, gwargwadon gaɓar yatsa. Reshen da aka tsinke sai ya fid da biyu ko uku, su ma in sun taso a tsinke su. Na karanta wannan ya fi sau goma. Na je da farcena na tsuguna a gabanta ya fi sau goma. Na kasa. Abin da na raina da jarka-jarkar ruwa a bazara, yau a ce in sa hannu in guntule shi?

Akuyar Inna ba ta da irin wannan tausayin. Wata Talata na dawo daga makaranta na tarar ta bi kan kowane reshe ta yi masa aski, daidai wa daida, ta koma gefe tana atishawa don ɗacin ganyen. Na ɗauki takalmi na bi ta, muka zagaya rumbu sau biyu, zanen shanya ya naɗe mini wuya, yara suna ta tafi. Kwana uku ban yi wa kowa dariya ba. Bayan mako uku Amarya ta fashe da rassa ta ko'ina, ta dunƙule tsaf, ta fi yadda na saye ta kyau. Uwargida ta ce, “Malam, ai sai a ba akuya ladan aikinta.” Dusa na saya mata a ɓoye.

Duk da haka na ce ba za a sake ba. Muna da fitilar sola a tsakar gida, irin mai kunna kanta da magariba ta kwana tana ci har gari ya waye. Na kinkimo tukunyar na dasa ta daidai gindin fitilar, na kewaye ta da ragar waya, yadda ko cikin dare na leƙo ta taga zan ga abin da ke tunkararta. A nan nake shimfiɗa tabarma in yi makin takardun ɗalibai, ni da Amarya, muna shan haske. Ban taɓa jin na yi dabara irin ta ran nan ba.

Satumba ta wuce. Oktoba ta wuce. Aka yanke gero, dawa ta nuna, gonakin zoɓo da ke hanyar Maigatari suka yi jawur. Amarya kuwa sai ganye, kore shar, ko ƙwayar toho babu. Na ƙara taki, ta ƙara ganye. Na kira mai furen, ya ce ƙila ruwan garinmu ne bai karɓe ta ba. Na sake kira, wayar ta daina shiga. Shekara guda cif da sayenta, abin da nake da shi a tukunya bai fi alayyafo da komai ba, alayyafon ma da ba a ci.

Wata Alhamis Kawu ya sauka a gidanmu. Ya kai riɗi kasuwar Maigatari, dare ya yi masa, ya ce zai kwana da safe ya wuce ƙauyensu a ƙasar Sule Tankarkar. Bayan isha'i muna zaune a tabarma, na buɗe masa cikina. Bai ce komai ba. Ya dubi shukar, ya ɗaga kai ya dubi fitilar, ya sake duban shukar.

“Wannan fitilar kwana take yi?”

Na ce har asuba, cike da alfahari.

“To ai kai ka hana ta. Ba ka taɓa lura da dawar da ke gindin fitilar titi a bakin gari ba? Sai ta yi tsawo ta fi kowa, sa'o'inta su fid da kai a girbe su, ita tana nan tana ganye. Kaura ma, ko ka riga maƙwabcinka shuka da kwana ashirin, kusan tare za ku ga kai, don ba ranar shuka take ƙirgawa ba, dare take jira ya ƙara tsawo. Zoɓo ma haka. Ka hana baiwar Allah barci wata da watanni, kana kuma so ta haihu?”

Na yi 'yar dariyar da 'yan boko ke yi wa maganar ƙauye. Da ya yi barci na ɗauko waya. Ashe maganar Kawu har suna gare ta a kimiyya. A 1920 wasu masu bincike biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, suka wallafa cewa akwai tsirran da tsawon yini da dare ke gaya wa lokacin fure, bayan sun sha fama da wata taba da ta ƙi fure a gona duk tsawon rani. Daga baya aka gano daren ne abin ƙirgawa, kuma dole ya zama duhu ba yankewa. Furen nawa na sahun gaba a wannan dangi. Manoman furanni a Holan da Kolombiya da gangan suke kunna fitilu da dare don su hana shi fure har sai karansa ya yi tsawo, in lokacin kasuwa ya matso su kashe, ko su rufa masa baƙin ƙyalle. Abin da suke biyan kuɗin lantarki su yi da niyya, shi na yi wata da watanni kyauta.

Ga inda abin ya fi ciwo. Labarin ƙasa nake koyarwa. Kowace shekara sai na zana duniya a allo, na karkata ta, na yi bayanin 21 ga Yuni da 22 ga Disamba, na kayar da ɗalibai a jarrabawa a kansu. Na san Gumel na tsakanin digiri 12 da 13 arewa da layin da ya raba duniya, na san darenmu ko a tsakiyar damina bai cika gaza awa 11 ba, a hunturu kuma ya haura 12 da rabi. Ke nan daren da take so yana nan a garinmu, ba ko sisi. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Nawa rashin sanin har da fitila.

Da safe na ce za a riƙa kashe fitila. Uwargida ta ce sai dai in zaɓa, ko Amarya ko ƙafafun yara, don ba ta manta kunamar da ta harbi auta bara ba. Na ce to a mai da tukunyar bayan ɗaki. Bayan ɗaki kuwa masarautar akuya ce, ga kuma ƙwan lantarkin maƙwabci na leƙowa ta kan katanga. Saura dabarar mutanen Holan. Na samo babban kwandon da ake kife 'yan tsaki, na karɓi tsohuwar baƙar abayar uwargida da wani baƙin bargo. Ƙarfe 6 na yamma in kife kwando in lulluɓe, ƙarfe 7 na safe in buɗe. Awa 13 na duhu, kullum, ba fashi. Na kafa doka a gidan: kada wanda ya ɗaga, kada wanda ya haska da tocila ko waya. In na ga yaro ya doshi wurin da haske sai in daka tsawar da ake ji har waje, “Kai! Kada ka haska shi! Ba ya son haske!”

Ban yi tunanin yadda wannan magana ke sauka a kunnen wanda ke bayan katanga ba.

Wata magariba maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi, ta same ni tsugune gaban wani abu lulluɓe da baƙi, zagaye da toka, ina raɗa masa, “Ki taimake ni ki fito, ki fid da ni kunya.” Ta bar turmin ta fita da baya da baya. Asabar ɗin makon na tafi ɗaurin aure Gagarawa tun da duku-duku, na manta ban buɗe ba. Ana tsakiyar rabon goro abin ya faɗo mini. Na zaro waya na kira uwargida, ga hayaniya, sai na ɗaga murya: “Ki yi maza ki buɗe shi ya sha iska, kada ya mutu a ciki! Ki ba shi ruwa, amma kada ki zuba masa a ka!” Da na sauke wayar na ga an bar mini tabarma ni kaɗai.

Kafin Juma'a ta zagayo labari ya cika unguwa: Malam ya ɗauko wani abu daga Kano, ba ya son haske, toka yake ci. Wani saurayi ya tare ni a zaure da dare yana sunkuyar da kai, wai jarrabawa ce ta ƙi shi sau biyu. Wani ɗan kasuwa ya aiko a gaya mini in ana buƙatar baƙin zakara yana da shi. 'Yan ajina da ba sa jin kira suka koma kamar an yi ruwa an ɗauke. Wani da nake bi bashi shekara biyu ya kawo kuɗina cas, har da ban haƙuri. Ba zan ɓoye ba, a nan na ɗan yi jinkirin ƙaryata zancen.

Liman ne ya katse mini cin riba. Bayan sallar asuba ya riƙe hannuna ya ce, “Malam, mu ɗan taka zuwa gidanka.” Muka shiga, ya tsaya a gaban kwandon, ya ce in buɗe. Na dubi agogo, shida saura. Na ce, “Allah gafarta Malam, sai ƙarfe bakwai.” Ya dube ni, na dube shi. Na ji da kunnena yadda maganar ta fita, amma mako uku na wahala ba abin zubarwa ba ne. Aka kawo masa kujera da koko. Muka zauna sama da awa guda, yana jan carbi, ni ina bayanin karkatar duniya, bayanin da kowace jimlarsa ke ƙara nutsar da ni. Bakwai na bugawa na yaye bargo, na yaye abaya, na ɗaga kwando.

Liman ya daɗe yana kallon ganyen. Ya sunkuya ya shinshina. Ya ce, “Ana miya da ita?” Na ce a'a. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce, “Da aljani ne, da na san addu'ar da zan yi maka.”

A mako na huɗu toho ya bayyana, ƙanana kamar ƙwayar dawa, a kan kowane reshe. Hunturu ya shigo da sanyin da take so. A mako na takwas, cikin Janairu, suka fara buɗewa, ɗaya, biyar, goma sha biyu, har na ƙirga 43. Ba su kai na Kano girma ba, amma ruwan ɗorawar nan dai shi ne, yana ƙyalli cikin hazo. Uwargida da kanta ta tsaya ta ce, “Ashe Amarya ta iya kwalliya.” Na ƙi ɗaukar hoto, na ce sai ranar Juma'a sun gama buɗewa duka. Na gayyaci malaman makarantarmu, da maƙwabta, da Liman, bayan la'asar. Na aika wa Kawu. Ranar Alhamis na hau mota zuwa Maigatari don in sayo sabuwar tabarmar baƙi.

Bayan magariba na dawo. Tun daga zaure na ji wani ƙauri-ƙauri, kamar an ƙona ciyawa da ɗan turare. Kwandon na gefe, ba a kife ba. Amarya na tsaye a ƙarƙashin fitila, kore shar, kanta tas kamar an yi wa jariri askin suna. Na juya wajen akuya. Tana ɗaure, tana tuƙa, ta dube ni da idon wanda ba shi da hannu a magana.

Inna ce ta fito daga ɗakinta riƙe da kasko, hayaƙi na tashi, ga faifai a ɗaya hannun da ragowar busassun furanni uku.

“Yawwa, ka dawo. Na ga sun nuna, na ce kada su lalace a banza. Tun safe na tsinke na shanya, iskar nan ba ta da wasa, kafin la'asar sun bushe ƙarau.” Ta kai wa wuyanta mari, ta duba tafin hannunta, ta nuna mini gawar sauro. “Ka gani? A cikin hayaƙin ya cije ni. An cuce ka, ɗan nan, ba mai kyau suka ba ka ba. Gobe in baƙin naka sun tafi ka tumɓuke ta, in zuba yakuwa a tukunyar.”

Ta juye sauran ukun a kasko ta koma ɗaki. Daga kicin uwargida ta ɗago murya tana tambaya ko yanzu za ta iya karɓar abayarta.